Kura da Na'urar Gadin Kilishi

Ku matso, ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

Bushiya ta haɗa wa Kura na'urar gadin ɗakin kilishi, ta rubuta wa na'urar umarni: kada ɓarawo ya shiga. Kowane gyara sai an kira Bushiya.

Kura ta ƙosa. "Ke, mai gajerun ƙafafu, bar ta ta riƙa gyara umarninta da kanta!"

"Yaya Kura, daga abin da ta gani take koyo fa."

"To, ta koya ɗin!" in ji Kura. Bushiya ta yi mata yadda take so.

Kwana bakwai na'ura tana kallon Kura na shigo da awakin mutane. Ran nan Kura ta kwaso yunwa, ta tarar da ƙofa gam.

"Buɗe, ni ce!"

"Na sani, Hajiya. Na yi gyara, sunanki na sa a gurbin ɓarawo."

Ƙurunƙus kan ɓera, kilishi na ciki, Kura na lasar ƙofa!