Baƙon Fari da Ya Zo Fasa Murhun Zorka

Jama'ar wannan shafi, ku matso kusa. Ni Milutin, da idona na ga wannan abu, ba labari aka ba ni ba. Duk mai cewa ƙarya nake, ya hau mota ya zo garinmu Pirot ya faɗa a gabana, in yana da haƙarƙarin ɗaukar duka.

Akwai wata maƙwabciyata, Zorka, tsohuwar masaƙiyar darduma. Mijinta ya rasu. Ɗanta Nemanya yana Jamus yana tuƙa babbar mota, 'yarta Tiyana tana Kanada da miji da 'ya'ya. Kun san yadda garin nan yake, yara su tafi, a bar tsofaffi da kyanwa.

Yaran ne suka koya mata wasan kwamfutar nan namu na intanet, Kwarin Dodanni, don su riƙa haɗuwa a ciki. Ni dai ba wanda ya koya mini, da iyawata aka haife ni.

Zorka ta gina gida a cikin wasan, a kan tudu, saitin ƙofar kasuwa. Ba ta iya faɗa ba, ko kaza ba ta taɓa kashewa a ciki ba. Burodi take gasawa, magani take haɗawa. Duk sabon shiga da dodanni suka yi wa tsirara suka koro, gidanta yake nufa, ta miƙo masa burodi da takalmi ta taga.

Mu mutanen Pirot da duniya ta shaida mu da rowa, abin har kunya yake ba mu. Na sha ce mata, "Maƙwabciya, ki rage, za ki ɓata mana suna."

A gidan nan na cikin wasa suke yin Kirsimeti duk shekara, don yaran ba sa samun hutun zuwa gida. Nan ne kaɗai take ganin 'ya'yanta da jikokinta zaune a tebur ɗaya.

To ga inda matsalar take. Da Disamba ta kama, masu kamfanin wasan sai su zuba dusar ƙanƙara ko'ina, su rataya fitilu, su raba jajayen huluna. Har dodon bakin gada sai ka gan shi da ƙararrawa a wuya kamar tunkiya. Muddin kwalliyar nan tana rataye, takobi ba ya fita daga kube a cikin gari.

Amma da an shiga sabuwar shekara sai su kwashe kayansu, don su a wajensu biki ya ƙare. Mu kuwa a kalandar cocinmu, namu sai bakwai ga Janairu. Wato ranar Kirsimetinmu babu dokar da ke kare kowa.

Sai muka yi alkawari a tsakaninmu. Ranar nan kowa ya kulle makaminsa a rumbu, ya fito da jar hularsa da ya adana, mu sake zuba dusar ƙanƙara, mu rataya fitilu da hannunmu. Ba abin da ke riƙe da alkawarin nan sai kunya.

Akwai kuma wani da kunya ba ta san hanyar gidansu ba, Obrad mahauci. Gidansa yana kallon na Zorka, titi ne kawai a tsakani. Wuya kamar na bijimi. A cikin wasan shi ne shugaban rundunar Baƙaƙen Garkuwa, kuma idonsa yana kan tudun nan.

Wata rana ina jinsu ta kan shinge.

"Gwaggo Zorka, ki tashi daga tudun nan, hasumiya zan kafa."

"Ka kafa a kan tumbinka, ai akwai fili."

"Wasan yaƙi ne fa, ba gidan burodi ba."

"To je ka yi yaƙinka, wa ya riƙe ka?"

Ya tafi yana huci. Ya san ƙofar gida a wasan ba ta ɓalluwa in mai gida bai buɗe ba. Ya kuma san in ka samu shiga ka fasa murhu, gidan ya rushe ke nan har abada, fili ya zama naka.

Safiyar Kirsimeti ta zo. Ni ne baƙon farin Zorka a gidanta na gaske, wato wanda zai fara taka gidan ranar biki ya sa albarka, kamar kullum, saboda ƙafata tana da albarka. Na shiga, ta watsa mini alkama, ta miƙo mini reshen badnyak mai busasshen ganye, itacen da muke ƙonawa don Kirsimeti, na tona wuta tartsatsi ya tashi, na ce, "Yawan tartsatsin nan, yawan lafiya da arziki a gidan nan." Ta ba ni gahawa.

Sai muka zauna, ita a gaban kwamfutarta, ni a gaban tsohuwar da Nemanya ya bari.

Ku zo ku ga gidan a cikin wasa! Dardumomi a bango irin saƙarta, fitilu har kan rufi, bishiya ta sha ado, gasasshen dinya a tebur. Nemanya ya iso, Tiyana ta iso da yara, muna jin muryoyinsu a lasifika. "An haifi Almasihu, Mama!" "Haƙiƙa an haife shi, 'ya'yana."

A can ma al'adar ɗaya ce. Ta buɗe ƙofa tana jiran baƙon fari.

Wa zai shigo? Obrad. Jar hula, doguwar rigar biki har ƙasa, yana tafiya kamar limamin coci.

Nemanya ya daka tsawa daga Jamus, "Mama, fitar da shi! Rufe ƙofar nan!"

Ta ce, "Ba a korar baƙon fari, ko da maƙiyinka ne. Haka na koya maka?"

Ta watsa masa alkama, ta miƙa masa reshe. Ya tona wuta. Sai muka ji muryarsa, yana dariya.

"Yawan tartsatsin nan, yawan gawar da za a kwasa a gidan nan."

Ya yar da rigar. Sulke ne a ƙasa, da guduma mai girman kan saniya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya tokare ta, mutanensa suka kwararo ciki.

Nemanya ya tashi da cokali a hannu. Sara ɗaya, kansa ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin tebur. Tiyana suka soke ta da mashi suka haɗa ta da bishiyar, fitilu suna faɗowa a kanta. Yaran ma ba su bari ba. Muna jin ƙaramar jikar tana kuka tun daga Kanada, tana cewa, "Kaka, me ya sa suke ƙona mana gida?"

Ni kuwa na tashi kamar zaki. Na rotse kawunan mutum uku da ƙafar dinya kafin su ankara. Daga nan wani ya raba ni biyu daga hula har wando. Zafin abin ya sa na yi baya da kujerata ta gaske, ƙafarta ta karye, na ji ni a ƙasa.

Obrad ya fara dukan murhu. Dum! Dum! Layin da ke nuna sauran ran murhun yana raguwa a allo.

Zorka ta kwanta a kan murhun tana zuba masa duk maganin da ta tara. Suka sare ta. Kun san in an kashe ka a wasan nan, a maƙabartar bayan gari kake farkawa, ka taho da ƙafa. Ta taho da gudu, suka sake sare ta a bakin ƙofa. Ta sake tahowa. Ina kallonta a gefena, hawaye har haɓa, amma ko zagi ɗaya ba ta yi ba.

Ni na yi mata zagin duka. Sannan na rarrafo na rubuta a dandalin da kowa ke gani. Rubutuna kun san shi, ban daɗe a makaranta ba, da yatsa ɗaya nake yi. Na ce: SUNA FASA MURHUN ZORKA MAI BURODI.

Jama'a, ban taɓa ganin irin wannan ba.

Kasuwa ta watse. Mutane suka nufo tudun kamar an fasa dam. Ba wanda ya tsaya zuwa rumbu ɗauko makami, don lokaci ba zai kai ba. Abin da ke hannunka shi ne makaminka. Mai sandar alewa, mai shebur ɗin dusar ƙanƙara, mai igiyar fitilu, mai tiren nama. 'Yan Bulgeriya, 'yan Masedoniya, har 'yan Kuroshiya da nasu bikin ya wuce tuni. Wani yana gudu yana ihu, "Ita ta ba ni takalmin farko!"

Baƙaƙen Garkuwa suka ja layi suka hau yanka. Hannaye suna tashi sama, jajayen huluna suna birgima da kawuna a ciki. Dusar da muka zuba da hannunmu ta koma ja. Gawa ta taru a bakin ƙofa har sai ka taka ta za ka shiga. Amma duk wanda ya faɗi, sai ka hango shi ya fito daga maƙabarta yana dawowa da gudu.

Na ga mata sun shaƙe wani ƙato da igiyar fitilu, fitilun suna ta walƙiya a wuyansa. Na ga an cusa wa wani sandar alewa ta ramin idon kwalkwali. Rufin gida ya kama da wuta.

Duk da haka ba su kai ga Obrad ba. Mutanensa sun zagaye shi, shi kuma yana ta dum, dum. Murhu ya tsage. Layin ran ya rage kamar silin gashi.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofar gidan ta gaske.

Persa ce, mahaifiyar Obrad. 'Yar ƙaramar tsohuwa, tsawonta bai wuce ƙugun ɗanta ba. Ta kawo wa maƙwabciya faranti na gasasshen nama, kamar yadda aka saba.

Ta ga Zorka tana kuka. Ta dubi allo.

"Milutin, wane jakin ƙarfe ne wancan yake dukan murhun mutane ranar Kirsimeti?"

Na ce, "Inna Persa, wanda kika goya ne."

Ta ƙara matsowa kusa da allo. "Ta yaya ya shiga?"

"Baƙon fari."

"An watsa masa alkama?"

"An watsa."

"An ba shi reshe?"

"Da hannunta ta ba shi."

Ta ajiye farantin a hankali. Ta sunkuya gefen murhun Zorka na gaske, ta zaɓi guntun badnyak mafi kauri, ta fita ta tsallaka titi, ko ƙofa ba ta ja ba.

A allo, Obrad ya ɗaga guduma zai yi dukan ƙarshe. Sai gudumar ta tsaya cak a sama.

Wawan ya bar muryarsa a buɗe don kowa ya ji dariyarsa. To kowa ya ji, daga nan har Kanada.

"Mama? Mama, tsaya, wasa ne fa! Ba gidan gaske ba ne!"

Tim!

"Kukan da na gani na wasa ne? Alkamar mutane a kanka, ɗan banza, ka ɗaga musu guduma?"

Tim! Tim!

"Wayyo kunnena! Mama, mutane suna ji!"

"Su ji! Ubanka ya mutu da mutuncinsa, kai ka zo ka zubar!"

Mutanensa suka ga shugaba ya daskare yana kiran uwarsa, suka fara ja da baya. Jama'a suka fasa layi suka rufe shi. Da shebur da tire suka kwance masa sulke, suka yi gutsi-gutsi da shi, ko hular ba a samu ba.

Ni ban tsaya kallon wannan ba, na tsallaka titi da kofina a hannu. Na tarar da ƙato ya shige ƙarƙashin tebur, tsohuwa tana bin duk inda ya leƙo. Allo ya fashe, hanci yana jini. Ya leƙo da baki zai ba da haƙuri, ta sauke masa. Haƙori ya yi sama, ya juya, ya faɗo cikin gahawata, tsulum!

Ta kamo kunnensa ta ja shi har gidan Zorka, yana tafe a duƙe, maƙwabta duk sun fito tagogi. Ta durƙusar da shi a gaban wuta, ta danƙa masa sandan da ta dake shi da shi.

"Tona. Ka faɗi abin da ake faɗa."

Ya tona wuta, baki a kumbure. "Yawan tartsatsin nan, yawan lafiya a gidan nan. Gwaggo Zorka, ki yafe mini."

Na ce, "Maƙwabciya, ga shebur nan a bayan ƙofa, ki ƙara masa ɗaya don albarka."

Ba ta ko dube ni ba. Ta gutsuro burodin biki ta miƙa masa. "Ci ta ɗaya gefen, wanda bai kumbura ba."

Sai ta goge fuska ta koma gaban allo. Rufi ya ƙone, dardumomi sun zama toka, gawa ko'ina. Amma murhu yana nan tsaye da tsagarsa, wuta tana ci. Mutanen da ba ta ma tuna fuskarsu ba suna ta jan gawa waje, wasu suna rataya fitilu a kan abin da ya rage na bango. 'Ya'yanta da jikoki suka shigo daga maƙabarta suka tsaya cirko-cirko.

Ta ce, "Me kuke kallo? Nemanya, ɗauke tsohon kanka daga ƙarƙashin tebur, yara za su zauna. Abinci yana hucewa."

Darasi: Wanda ya buɗe maka ƙofa don girmama al'ada, kada ka mayar da mutuncinsa tsanin cutarsa, ko a wasa ne, domin mai kukan mutum ne na gaske. Alherin da kake yi wa waɗanda ba ka sani ba kuwa, ranar da aka ɗaga maka guduma shi zai taho da gudu. Ku tura wa 'yan ƙungiyarku, musamman masu ƙaton wuya.

Af, maganar haƙorin nan da ya faɗa cikin gahawata, ni na ƙara ta. Haƙoran Obrad suna nan cif, jiya ma na gan shi yana gwaguyar ƙashi. Amma sauran duka, na rantse, haka aka yi.