Dutse a Bakin Rariya

Akwai wani manomi wanda matarsa ta rasu ta bar masa tattabaru. Tana da rai takan zuba ƙananan a kwando ta kai su gona ta sake su, yau kusa, gobe nesa kaɗan, har su san hanyar gida. Bayan rasuwarta mutumin ya ci gaba da yin haka, gama duk sa'ad da suka sauka a tsakar gida sai ya ji kamar ba ta yi nisa ba.

Amma tattabarun suka yi ta raguwa. Shaho ya ɗauke waɗansu a hanya, waɗansu suka tashi ba su komo ba. Muzuru kuma yana shigowa ta rariya, inda ruwan wanke-wanke yake fita ta gindin katanga, yana ɓarna. Sai mutumin ya ɗauko dutse ya toshe ta. Cikin waɗanda matar ta raina da hannunta saura guda ɗaya tak, wata fara mai baƙin wuya.

Wata rana ya kai ta gona tare da ƙananan domin ta ja musu gaba. Suna tashi sai ga shaho. A kan idonsa ya kai wa farar sura, gashi ya watse a sama. Ƙananan suka iso gida, ita kuwa shiru.

Tun daga ranar, mutumin yakan tsaya a tsakar gida da ƙwaryar gero yana kaɗawa, idonsa a sama, har wuyansa ya ƙage.

Ƙanwarsa Laraba ta zo taya shi girki, ta tarar ruwa ya kwanta a tsakar gida. Ta ce, “Yaya, wa ya toshe rariyar nan? Gida ya zama fadama!”

Ya ce, “Bar ta haka. Saboda muzuru ne.”

Ta ce, “Muzurun da yake haura katanga? Yanzu kam sauro kake kiwo.”

Ta sunkuya ta mirgine dutsen. Sai ta ɗaga murya, “Yaya! Sauke idonka ƙasa!”

Ga farar tattabara a raɓe cikin rariyar, fiffike ɗaya a karye, jikinta duk laka. Ashe da ƙafa ta tako har gida, ta tarar ƙofar da za ta iya shiga a toshe. Mutumin ya durƙusa cikin ruwan ya ɗauke ta da hannu biyu, yana dariya, hawaye na zuba.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Tattabarar ita ce wanda ya bar ikilisiya, wato taron masu bi, duniya ta karya shi. Muna jira ya dawo ta babbar ƙofa da waƙa, alhali kunya da rauni ba su bar shi ya tashi ba. Rariya ita ce ƙaramar hanya: gaisuwa a kasuwa, kwanon tuwo, tabarma a ƙofar gida. Dutsen kuwa tsoro ne. Mu da muka binne namu mun san shi, mukan rufe ko'ina don kada a ƙara ɗauke mana wani abu.

Ubangiji bai toshe tasa ba, yana karɓar mai zuwa da rarrafe. In kun koma gida yau, ku mirgine dutsen. Wataƙila wanda kuke yi wa kuka yana nan a bayan katanga.