Kaluluwar Kafinta da Dattijon Bakin Hanya

Shehinmu, al'allama, ma'abocin zuhudu da tsantseni, Allah ya ƙara masa yarda, mutum ne da ya ƙoshi da Alƙur'ani da fiƙihu tun da ƙuruciya, kuma bai taɓa yarda a ambaci wata karama tasa a gabansa ba. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani kuma na ji daga bakin masu abin.

Akwai wani kafinta da ke ɗaukar karatu tare da mu bayan la'asar, kullum da garin katako a girarsa. Wata shekara kaluluwa ta fito masa a wuya da hammata, ba ta ciwo, sai dai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumi mai jiƙa shimfiɗa, da rama har wando ya daina zama a ƙugunsa. Maƙwabta suka ce sammu ne. Da ya zo neman addu'a, Shehi ya ɗora yatsu a wuyansa, ya ce, "Addu'a kam za mu yi, amma gobe ka tafi asibiti. Aikin da ke hannunka ya jira."

Likita ta yanko ɗan nama daga kumburin aka bincika, ni kuma na raka shi ranar jin sakamako. Ta ce sankarar kaluluwa ce, irin mai saurin yaɗuwa: a cikin jini akwai ƙwayoyin da aikinsu tsaron jiki ne, to wani jinsi daga cikinsu ne ya lalace, yake ta hayayyafa ba tsayawa. Aka fara ba shi magani ta hanyar ƙarin ruwa, gashinsa ya zube, har yana ce wa matarsa an hutar da mai aski. Kumburin ya sauka, bayan wasu watanni ya dawo. Likita ta ce abin da ya rage shi ne dashen ɓargo, wanda aka fi samun dacewarsa daga ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, ko shi ma ba kullum ba.

Ƙane guda gare shi, direban babbar mota, wanda suka saɓa a kan shagon mahaifinsu, ya fice shekaru masu yawa ba wanda ya san inda ya nufa. Matar kafinta ta zo ta durƙusa a bakin ƙofar Shehi ta faɗi halin da ake ciki. Shehi ya jima yana jan carbi, sannan ya ce, "Ki share ɗakin da ƙanen mijinki ya saba kwana, ki wanke zanen gadon."

Ba a jima ba direban ya yi sallama a gidan yayansa, da ƙurar hanya a jikinsa. Ya ce ya tsaya sallar la'asar a wani ƙaramin masallaci, nesa ƙwarai, sai wani dattijo siriri mai tabo a gira ta hagu ya miƙo masa buta, ya ce, "Yayanka na kwance, abin da zai tashe shi yana cikin ƙashinka." Kafin ya gama alwala ya nemi dattijon ya rasa. A wannan rana da wannan lokaci kuwa Shehi yana zaune a kan buzunsa yana ba mu karatu, ni ne ma mai jan baƙi.

Da aka kawo direban gaisuwa, ya hango fuskar Shehi da tabon girarsa, ya tsaya cak a ƙofa. Shehi ya ce, "Shigo, ɗana. Mutane suna kama da juna. Ka ci abinci kuwa?"

Aka gwada jinin direban, ya dace, aka yi dashen. Kafinta ya daɗe a ɗakin da ba a shiga, muna gaishe shi ta gilashi. Har yau likita ba ta ce ya warke ba, cewa take ba a ga alamar cutar ba, ya ci gaba da zuwa. Ya koma shago, ƙanensa ne ke ɗaga masa katako mai nauyi.

Tsarki ya tabbata ga Wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani, yake kuma girmama bayinsa na gari da abin da ya so. Ya Allah, ka ɗaukaka darajar Shehinmu, ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, kada ka hana mu albarkar zama a gabansa.