Laka a Faratan Gafiya

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!
Ta iso mu ji ta!

Shekarar yunwa Giwa ta buɗe rumbu, ta ce a auna wa marasa aiki hatsi. Kura ce mai awo.

Gafiya mai yasar rijiya ta zo, don ladanta ba ya cika cikin 'ya'yanta. Kura ta ga laka a faratanta, ta ce, "Kina da aiki. Wuce!"

Gafiya ta wanke hannu ta daina yasa, aka auna mata. Rijiya ta cushe.

Giwa ta zo da ƙishi. "Gafiya, ina ruwa?"

"Ranki ya daɗe, lakar ce ke hana 'ya'yana tuwo."

Giwa ta ce, "Daga yau kowa mudu guda, mai laka da marar laka."

Kura ta ce, "To ni me zan duba?"

"Ga rijiya can. Shiga ki duba."

Ƙurunƙus, na sauke ta kan ɗan ɓera.