Jirgin da Aka Gama wa Baba Soja

Akwai wani dattijo a garin Gumel mai suna Malam Barau, amma kowa Baba Soja yake ce masa. A zamanin ƙuruciyarsa makanikin jiragen yaƙi ne a rundunar sojan sama. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, nasa dai kwancewa da ɗaurewa. Da ya yi ritaya ya dawo gida ya kama noman gero da riɗi, kuma har ya tsufa tafiyarsa ba ta canza ba. In ya nufo masallaci sai ka rantse fareti za shi.

Wata damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Allah ya taƙaita, baki ya dawo, ƙafa ma ta dawo da taimakon sanda, amma hannun dama ya ƙi. Likita ya faɗa wa iyalinsa gaskiya: magani kaɗai ba zai dawo da hannun nan ba, sai ana sa yatsun ƙananan ayyuka kullum. In aka bar su, za su lanƙwashe su sandare.

Aka sayo masa ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya wurgar da ita ya ce shi ba jariri ba ne. Matarsa Inna Rabi ta kawo masa wake a faifai ya tsince, ya yi mata kallon da ya sa ta ɗauke faifanta ba shiri. Daga nan ya daina fitowa zaure. Ya kwanta ya juya fuska bango, ko rediyon da ba ya rabuwa da ita ya daina kunnawa.

'Yarsa Rahama, wadda ke aure a Kano, ita ce ta samo dabara. Ta yi odar wani kwali daga ƙasar waje, aka daɗe ana jira kafin ya iso. A bayan kwalin akwai hoton wani tsohon jirgin yaƙi. A ciki kuwa guntayen roba ne rututu a manne da firam, wasu ba su fi ƙwayar shinkafa ba, ga 'yar kwalbar gam, ga fenti da siririn burushi, ga takardar zane mai nuna inda kowane guntu zai zauna. In an haɗa su duka, sai a sami ɗan ƙaramin jirgi mai kama da na gaske sak.

Baba Soja ya daɗe yana kallon hoton nan. Can ya ce, "Wannan ai Mig ne. Na wuni a ƙarƙashin cikin irinsa ya fi a ƙirga."

Washegari da hantsi ya ce a shimfiɗa masa tabarma a zaure.

Jama'a, aikin nan ba na mai gajen haƙuri ba ne. Da abin yankan farce yake cire kowane guntu daga firam, kuma da hannun daman nan mai rawa yake tilasta wa kansa yi. Ya goge bakin guntun da samfefa, ya gwada shi a mazauninsa ba gam, ya cire, ya sake gogewa. Guntu ɗaya kan cinye masa daga hantsi har azahar. Wani ya suɓuce ya faɗa tsakanin saƙar tabarma, a yi ta nema.

Makonni suka shuɗe yana kan ɗakin matuƙi kaɗai. Kujerar da ba ta kai ɗan yatsa ba, sai da ya yi mata fenti har da bel ɗinta. Inna Rabi kan leƙo ta ce, "Malam, wannan jirgi naka dai sai jikoki sun yi aure zai tashi." Shi kuma ya ce, "Ke dai kawo kunu."

Amma fa ita ce ta fara lura. Rannan ta ga ya ɗauki ludayi da hannun dama. Bayan kwana biyu ta ga ya ɓalle maɓallin rigarsa da kansa. Ta koma ɗaki ta yi ta hamdala.

To, Baba Soja yana da ɗan fari, Abdurra'uf, ma'aikaci ne a sakatariya. Kada ku ɗauka mugun ɗa ne. Shi ke sayen magani, shi ke sauke buhun shinkafa, kuma kullum bayan la'asar sai ya zo gaisuwa. Aibinsa ɗaya, gaggawa. Mutum ne da ko shayi a tsaye yake sha.

Kun san yadda uba yake da ɗan fari a wajenmu. Baba Soja ko sunan ɗan nasa ba ya faɗa. Tun tasowar Abdurra'uf, abin da ke tsakaninsu bai wuce "ina wuni" da "Allah ya yi albarka" ba. Amma da jirgin nan ya shigo gidan, sai aka fara jin wata sabuwar magana a zaure.

"Kai, zo riƙe min nan."

Gam ɗin ba ya kamawa nan take, sai an matse guntayen an jira. Abdurra'uf ya durƙusa ya riƙe, tsohon kuma ya hau ba shi labari: yadda ya bar gida ya shiga soja ba da sanin mahaifinsa ba, yadda ƙarar injin ta kashe masa kunnen hagu, yadda aka yi masa albishir da haihuwar wani yaro yana tsaye a kan tsani har ya kusa faɗowa. Bai faɗi ko wane yaro ba ne.

Shi kuwa gogan naka hankalinsa na kan wayar da ke kuka a aljihu, ga hannu biyu duk a ɗaure. "Baba, ai ya kama," yakan ce. "Bai kama ba," in ji tsohon. "Riƙe dai."

Ana nan, wata ranar Alhamis da yamma, Cindo abokin Abdurra'uf, dillalin shanu, ya dawo daga kasuwar Maigatari ya tarar da shi a majalisa. A gaban kowa ya ce, "Abdurra'uf, kana raye kana kallon tsohonka yana fama? Na wuce zaurenku ɗazu, gumi na zuba, hannu na karkarwa, wai shi ala dole sai ya liƙa wani ɗan abu. Mu dai da muka taso, in uba ya ɗauki fartanya ɗa ne ke karɓa."

Aka yi dariya. Abdurra'uf ma ya yi, amma maganar ta soke shi. Kuma a gaskiya Cindo bai yi ƙarya ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Abin da bai sani ba shi ne ba kowane kaya ake karɓa daga hannun dattijo ba.

Ranar Asabar aka kai Baba Soja da Inna Rabi garin Ɗanzomo gaisuwar rasuwa, za su kwana can. Abdurra'uf ya ga dama ta samu. Ya kwashi kwalin ya kai gidansa, ya sayo sufa gulu a kanti, wai wancan gam ɗin ai ɓata lokaci ne. Ya baza takardar zanen ya hau liƙe-liƙe. Guntun da bai gane mazauninsa ba ya ture gefe, daga baya aka share da shara. Kafin magariba ya gama. Ya kai wa mai fentin babur ya fesa masa fenti ruwan azurfa.

Daga nesa jirgi ya yi kyau, ba laifi. Sai dai tururin sufa gulu ya mayar da gilashin ɗakin matuƙi fari fat, ba a ganin komai a ciki. Abdurra'uf bai damu ba. Ya ɗora shi a kan tebur a zaure, ya ɗauki hoto ya tura wa 'yan'uwa, ya rubuta a ƙasa: "Na hutar da Baba."

Nan take Rahama ta kira shi. "Yaya, me ka yi haka? Ai ba jirgin ake so ba, haɗawar ake so. Don Allah mu yi odar wani tun yau, ka san yana daɗewa a hanya."

"Ke Rahama," ya ce, "kina Kano kina ba da umarni. Ni nake ganin wahalar da yake sha. Ba a ƙara sayen wani." Ya kashe waya.

Washegari Baba Soja ya dawo. Ya dogara sandarsa ya shigo zaure, ya tsaya. Ya sunkuya yana ƙoƙarin leƙa ɗakin matuƙi ta farin gilashin nan, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Kai ka gama?"

"Ni ne, Baba. Na ga yana ba ka wahala."

Tsohon ya ɗago kai. Sannan ya ce, "To. Madalla. Allah ya yi albarka." Ya shige cikin gida.

Wallahi da ya yi faɗa da ya fi. Amma ina uba zai buɗe baki ya ce wa ɗan fari ya cuce shi, alhali yaron alheri ya nufa?

Daga ranar ba a sake shimfiɗa tabarma a zaure ba. Abdurra'uf ya zo gaisuwa, a amsa masa daga kwance, a ce ya gai da gida, shi ke nan. Shi a ganinsa tsoho ya samu hutu. Har ma yakan ji daɗi cewa yanzu gaisuwa ba ta cin lokaci.

Sai da aka fara yankan gero, rannan ya shigo ya tarar da Inna Rabi tana ba Baba Soja kunu a baki. Gabansa ya faɗi. Da ta fito da kwanon ya bi ta tsakar gida.

"Inna, ba da kansa yake sha ba da?"

Ta ajiye kwanon ta dube shi. Ita ma ba mai yawan magana da shi ba ce, amma ranar kunya ta kau.

"Da ke nan. Kai ba ka san abin da ka ɗauke masa ba. Mutumin nan tun hantsi yake tambayata ko la'asar ta kusa. Akwai guntayen da zai iya liƙawa shi kaɗai, na gani da idona, amma sai ya ware su a murfin kwano ya ce waɗannan sai mai hannu biyu ya zo. Shekara nawa yana son ya zauna da kai bai san ta inda zai fara ba? Allah ya kawo masa dalili, ka zo ka gama masa shi a wuni ɗaya."

Abdurra'uf ya nemi bango ya jingina. Ya ji kunya, ya ji tsanar kansa, ya rasa inda zai sa fuskarsa. A tsakar gidan ya kira Rahama, ya ce ta yi odar wani ko nawa ne.

Kwali ya yi ta jan ƙafa a hanya. Kafin ya iso Abdurra'uf ya gwada duk abin da ya sani. Ya zauna gefen gadon yana murza yatsun da man zafi, ya kai shi asibiti gashin ƙashi, ya jawo hirar soja. Tsohon ya amsa da "haka ne" kawai. Kullum yatsun ƙara naɗewa suke yi cikin tafin hannu.

Ranar da kwalin ya iso, da kansa ya share zaure ya shimfiɗa tabarma. Ya kashe wayarsa. Ya lallaɓa ya fito da mahaifinsa, ya zaunar da shi, ya buɗe kwalin a gabansa. Irin jirgin ne sak.

Baba Soja ya dubi guntayen, idonsa ya ɗan yi haske. Ya miƙa hannun dama ga abin yankan farce. Yatsun suka ƙi buɗewa. Ya sa hannun hagu ya cusa shi a tsakaninsu, ya zame ya faɗi a tabarma. Ya sake cusawa, abin ya sake faɗuwa. Ya daɗe yana kallon hannun nasa.

Sai ya sa hannun hagu ya tura kwalin gaban ɗansa a hankali.

"Ɗauka ka je ka haɗa. Ai kai hannunka da sauri."

Babu gatse a muryarsa, babu fushi, kuma wannan ne ya karya Abdurra'uf. Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Baba, ka yafe min. Mu yi tare, zan riƙe maka. Ko shekara za mu yi zan riƙe."

Tsohon ya ce, "Na yafe maka tun ranar. Amma me za ka riƙe? Sai da mai haɗawa ake neman mai riƙewa." Ya laluba sandarsa. "Kama ni in koma ciki, bayana ya gaji."

Abdurra'uf ya kama shi ya mayar da shi ɗaki. Hannun Baba Soja bai sake buɗewa ba.

Darasi: Ba duk wahalar da ka ga dattijo yana sha ba ce yake so a ɗauke masa. Wani aikin shi ke tayar da shi daga kan gado, wani kuma hanya ce ta neman zama da kai, don bakinsa ba zai iya roƙonka ba. Kafin ka karɓe abu daga hannun iyayenka, tambaye su ko so suke a yi musu, ko so suke a yi da su. Garin gyaran gira ake rasa ido. In naka suna raye, je ka zauna, ka ajiye waya, ka bi su a saurinsu. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda tsohonsa ke jiran la'asar yau.