Ƙusar da Aka Cusa wa Birki

An yi wani mutum a ƙauyenmu, can saman kwarin Dir inda kwalta ta ƙare. Ba zan kama sunansa ba. Waɗanda suka san shi sun san shi.

Yana da wata tsohuwar jif. Ita ke saukar da mutane garin Sheringal, kasuwa ko asibiti, ita ke dawo da su. Bai taɓa kai ta gareji ba. A tsakar gidansa yake komai: ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashinta, ya juye baƙin mai, ya ɗaure abin da ya kwance, ya fito fuska duk maiƙo. A faɗi gaskiya, hannunsa na da kyau. Gyaran mota a gida ba zunubi ba ne, ya 'yan uwa. Rabin mazan kwarin nan haka suke yi.

Yabo ne ya hau masa kai. Kowa Ustaz, Ustaz, kamar yadda ake kiran direbobi. In an ambaci makanike sai ya taɓe baki ya ce, "Waɗannan masu koyon aiki a kan motocin mutane?"

Wata rana da hantsi ya ga danshi a bayan tayar baya. Ya dangwala, ya shinshina. Man birki ne, bututun ya tsage. Sabon bututu sai an sauka gari, ga shi kuma washegari matan ƙauye za su je ta'aziyya, shi zai kai su. Sai ya yi abin da masu jigilar katako ke yi in mota ta lalace musu a daji. Ya kwance bututun, ya cusa masa ƙusa, ya daddaka bakin da guduma don kada mai ya sake bi ta wannan tayar. Man da ya zube kuma ba shi da wani, sai ya cike gurbinsa da ruwan sabulu.

Wannan dabara ta lallaɓa mota ce zuwa gida, ba kowa a ciki. Ya san haka sarai.

Matarsa Bakht Zari ta kawo masa shayi, ta tsaya tana kallo.

"Baban Palwasha, ba ƙusar ƙofar akurkina ba ce wannan?"

"Je ki, gurasarki na ƙonewa. Yaushe kika zama injiniya?"

"Ni dai mutane za ka ɗauka gobe, ba itace ba."

"To sai ki zo ki tuƙa."

Ta koma madafa. Shi kuwa ya wanke motar tas, ya goge madubai, ya ɗaura sabon baƙin ƙyalle a bayanta don kambun baka. Kun ji? Bakin mutane yake tsoro.

Da safe mata suka taru da lulluɓinsu. Wata dattijuwa, Shahzadgai, mai tsoron gangara tun tana yarinya, ta dafa ƙarfen motar ta ce, "Ɗana, lafiyarta ƙalau dai ko? Jikina ya yi sanyi yau."

Ya yi dariya. "Wallahi, Inna, ta fi ni lafiya."

Ya kira sunan Allah a kan ƙusa da ruwan sabulu.

Mata suka shiga baya. Aka sauke musu tamfol, aka zarga igiya ta waje kamar kullum, don kada idon namiji ya faɗa kansu in an ratsa kasuwa. Shi da hannunsa ya ja igiyar, ya ƙulle ta tamau. Maza suka ɗare rufi, wasu suka maƙale a gefe. Maƙwabcinsa Sher Afzal ya zauna gaba kusa da shi.

Da farko birki ya amsa. Sai dai duk lokacin da ya taka, motar na fizga gefe guda, yana murɗo ta da sitiyari, yana satar kallon Sher Afzal ko ya lura. Gangara ta miƙe. Ga dutse a dama, ga kwazazzabo a hagu, kogi can ƙasa kamar zare. Ƙarfe ya ɗau zafi, ruwan sabulu ya fara tafasa a cikin bututu. Ƙafarsa ta ji birkin ya yi laushi, kamar mai taka kwaɓi.

Allah bai bar shi ba mafita ba. A tsakiyar gangarar akwai fili gefen marmaro, inda direbobi ke tsayawa su watsa wa tayoyi ruwa.

Sher Afzal ya ce, "Ustaz, ba za mu tsaya ba? Ƙauri nake ji."

Ya ga filin. Ya san in ya tsaya maza za su sauko, wani zai leƙa ƙarƙashi, kafin azahar duk kwarin ya ji cewa Ustaz ya toshe birki da ƙusar akurki.

Ya ce, "Hancinka ne. Tsayawa ta 'yan koyo ce."

Ya wuce.

Ya 'yan uwa, me ya rage wa mutumin da aka buɗe wa ƙofa ya rufe ta da kansa?

A kwana ta gaba ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya ɗaga ya sake takawa. Babu. Ya nemi ya mayar da giya ƙasa, ta yi ƙara ta ƙi shiga. Ya finciko birkin hannu, wayarsa ta daɗe da tsinkewa, ya ce zai gyara bai gyara ba. Mazan rufi suka fara dirgowa. Sher Afzal ya yi salati ya faɗa waje. A bayansa ya ji tafukan mata na dukan tamfol, suna neman bakin igiyar da ke waje. Ba ihu suke yi ba tukuna. Kiransa suke yi, "Ustaz, Ustaz," don sun ɗauka har yanzu yana da abin yi.

Ya buɗe ƙofa ya yi tsalle. Motar ta faɗa kwazazzabo da matan a ciki.

Da maza suka gangara bakin kogi, sai da wuƙa aka yanke igiyar. Shahzadgai ta cika. Matar ɗanta ta cika, da cikinta. Wata ta yi rai, amma har yau ba ta san sunan 'ya'yanta ba.

Shi bai mutu ba. Bayansa ya karye a kan dutse. Yana nan kwance a gadon igiya a tsakar gidan nan, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Bakht Zari ta faɗi abin da ta gani da idonta, ta kwashi 'yarta ta koma gidan ubanta. Ba mai zama ya sha shayi da shi. In mota ta taka birki a hanya, sai ya toshe kunnuwa, ya ce a gaya wa matan su daina kiransa. Tsoron rayuwa yake yi, tsoron mutuwa ya fi.

Dattawa suka yi zama, suka shafa gemu, suka ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Maganar mace kuma, wai ba a kafa hukunci da ita.

Shahzadgai ƙanwata ce. Ni, yayarta, na wanke gawarta. Na yarda da ƙaddara kafin a haifi rabin waɗancan dattawan, amma ƙaddara ba ta riƙe guduma. Wanda ya ɗauki rai a motarsa amana ya ɗauka. Wanda ya san aibi ya ɓoye, ya rantse a kai, maci amana ne, ko da sallarsa ta huda goshinsa.

Ban nemi a taɓa shi ba, wanda ya fi ni ya riga ya kama shi. Abin da nake nema, a ɗauko shi da gadonsa a ajiye a ƙofar masallaci, ya faɗi da bakinsa abin da ya yi, direbobin kwarin nan na tsaye suna ji. Don gobe ma wata jif za ta sauka da 'ya'yanku mata a baya, kuma ba ku san abin da mai ita ya cusa mata jiya ba.

Allah ya tsare mu da girman kan da ke hana mutum tsayawa. Allah ya kiyaye mu da rantsuwar ƙarya, ya jiƙan waɗanda suka tafi suna kiran wanda ya riga ya gudu. Amin.