Dutsen da Aka Cire daga Ƙirjin Firist

A zamanin da, cikin ƙasar Bani Isra'ila, an yi wani sarki mai suna Malkiram, mai ƙarfin mulki da saurin fushi. Wata shekara mutanen ƙabilar kan tudu suka ƙi aiko da samarinsu aikin ganuwa, domin hakimin da aka ɗora musu ya ƙwace rijiyoyinsu. Sarki bai tambayi dalili ba. Ya kira wazirinsa Yahat, ya ce, "Je ka wurin babban firist, ka ciro dutsen ƙabilar nan daga ƙirjinsa, ka niƙe shi ya zama gari. Tunda sun ƙi ni, kada a ƙara kai sunansu gaban Ubangiji."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fita.

Ya tarar da babban firist Azarel, wani tsoho mai raunin gani, a ɗakin tufafin ibada. Da tsohon ya ji saƙon, sai ya ce, "Matso, ɗana, ka ga abin da aka aiko ka ka ɓata."

Ya shafa farar rigar lilin, ya ce, "Wannan tsarki ne da ake lulluɓe ni da shi, ba nawa ba ne." Ya ɗaga shuɗiyar riga mai ƙananan ƙararrawa na zinariya a bakinta. "Waɗannan suna shaida cewa ban shiga a ɓoye kamar ɓarawo ba, jama'a kuma su ji ina raye." Sa'an nan ya ɗora hannun waziri a kan ƙyallen ƙirji, inda aka jera duwatsu goma sha biyu, kowanne da sunan ƙabilarsa.

"Idan na ɗaura wannan a kan zuciyata, ba Azarel ke shiga ba. Jama'a ce ke shiga, har da masu laifinta. Ni ba zan cire ba, ba kuma ni da ƙarfin riƙe hannunka."

Waziri ya sa bakin wuƙa ya ɓamɓare dutsen. Da ya faɗo a tafinsa, sai ya ji shi da ɗumi kamar jikin mai rai, yana ɗan bugawa. Ya ɓoye shi cikin rawaninsa, ya tsinci wata tsakuwa ya niƙe, ya kai wa sarki garinta.

Ranar babbar hadaya, rana tsaka, gari duk ya taru. Azarel ya sa tufafinsa ya nufi Wuri Mai Tsarki. Waziri yana kallon ƙararrawar suna kaɗawa, suna bugun juna, amma ko ƙis ba a ji ba. Hayaƙin hadaya ya ƙi tashi sama, ya kwanta a ƙasa yana rarrafe tsakanin ƙafafun mutane. Tsuntsaye suka yi tsit.

Can sai tsohon ya fito da baya. Ya ce, "Na kira sunaye goma sha ɗaya. Aka yi shiru ana jiran na ƙarshe. Har na fito ana jira."

Sarki ya daure, ya yi wa sanƙira alama ya yi masa kirari. Sanƙira ya cika ƙirji, ya buɗe baki, ya tsaya haka nan. Sunan sarki ya ɓace masa. Waziri ya laluba cikin ransa, shi ma bai same shi ba, ga shi kuwa tare suka tashi tun suna yara.

Abu ya yi ta gaba. Dogarawa suka tare sarki a ƙofar fadarsa suna tambayar wurin wa ya zo. Rubutun hatiminsa ya shafe, ya koma sumul. Mahaifiyarsa ta dube shi ta gyara mayafi, kamar yadda ake yi wa baƙo. Ranar nan sarki ya kama hannun waziri ya ce a hankali, "Yahat, yaya sunana?"

Waziri ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Amma ina da tambaya. Uba ne ya ce 'ya'yansa su taru gabansa, sai ɗaya ya kulle ɗan'uwansa a ɗaki ya zo shi kaɗai. Wanne uban zai ƙi kira?"

Sarki ya ce, "Wanda ya kulle. Amma ai dutsen ya zama gari."

Waziri ya warware rawaninsa ya miƙa masa. "Na saɓa umarninka. Ga dutsen, ga kuma wuyana."

Sarki ya rungume shi yana kuka.

Sarki da waziri suka hau tudun a ƙasa, ba doki ba tambura. Wata dattijuwa mai suna Atara, wadda ƙabilar ke jin maganarta, ta zaga da su. Ta nuna musu rijiyoyi da masu gadi riƙe da mashi a bakinsu, da ƙasusuwan tumaki a busasshen rafi, da ƙananan kaburbura sababbi. A nan take sarki ya tuɓe hakimin, ya sa aka ɗaure shi don shari'a, ya mayar wa mutane rijiyoyinsu. Ya roƙi Atara ta sauko ta mayar da dutsen da hannunta.

Ta sauko kuwa. Gaban jama'a ta danna dutsen a gurbinsa, sarki na durƙushe a ƙasa. Azarel ya ɗaga ƙafa, sai ƙararrawa suka amsa, har waɗanda ke bayan ganuwa suka ji. Hayaƙi ya miƙe sak zuwa sama.

Atara ta juyo ta dubi mutumin da ke durƙushe, ta ce, "Tashi, Malkiram, gwiwarka ta yi ƙura."

Waziri ya ji sunan ya faɗo masa a zuciya, jama'a kuma suka ɗauka baki ɗaya. Sarki ya yi mulki har tsufa, bai sake yanke wa wata ƙabila hukunci ba sai ya zaunar da dattawanta ya ji ta bakinsu. Nan labarin ya tsaya.